Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu a Zaman Nazarin Rubuce-rubucen Malam Abdullahi na Gwandu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, barka da sauka a Kaduna, sannu da hanya. Mun san hidimomin da ka ajiye ka taho, Allah Ya saka da alheri.

Wanda ya tara mu yau jarumi ne kuma malami: Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu. Shi ya ja rundunar da ta karya mayaƙan Yunfa, Sarkin Gobir, a Tafkin Kwatto a 1804. Amma nasara ba ta rufe masa ido ba. Da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu mayaƙa, wajen 1807 sai ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar aikin Hajji. Kanawa suka tsayar da shi, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kan yadda ake mulki da shari'a. A 1813 ya tattara waƙoƙinsa da sharhi cikin Tazyinul Waraƙat. A ganinmu nan ne aka fi jin muryarsa, domin bai ɓoye takaicinsa ba.

Ranka ya daɗe, takardun nan nasa na rubutun hannu suna cikin haɗari, har waɗanda ke hannun iyalai cikin gafaka. Ba ɗinkakku ba ne, warƙa-warƙa suke. Kalmar da mai kwafi ke rubutawa a gindin shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba, ita kaɗai ke nuna jeri; gara ta ci wannan kusurwa, jeri ya ɓace. Danshin daminar Kaduna na kawo fumfuna, hunturu kuma ya busar da takarda har ta riƙa karyewa. Mafi ciwo shi ne masu liƙa salatif da kyakkyawar niyya, ƙaronsa ya jiƙa takarda ya ɗebe tawada.

Aikinmu kuwa: a share ƙura da burushi mai laushi, a sa lamba da fensir, ban da biro, a ɗauki hoton kowace warƙa gaba da baya, sannan a gwada kwafin da na Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi da ke nan Kaduna, don masu kwafi kan tsallake layi. Ɗakin ajiya na son danshi kusan kashi 50 cikin 100 dare da rana, wutar lantarki kuwa ba ta tsayawa. Roƙonmu ke nan: sola, na'urar tsotse danshi da kyamara guda biyu.

Bismillah, ranka ya daɗe, takardun na gabanka.