Amsoshin Tambayoyinku: Yara da Dabbobi a Tsakar Gida Ɗaya

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako kusan duk daga karkara suka zo, kuma kamar an haɗa baki, zancen gida suke yi: ga yara, ga kaji, ga awaki a turke, ga 'yar gona a bayan gari, duka a wuyan mutum ɗaya ko biyu. Bari in fara da wadda ta fi tsaya mini a rai.

Wata baiwar Allah ce ta rubuto daga wani ƙauye kusa da Kazaure a jihar Jigawa. Ta ce: "Ɗana watansa tara, ya fara rarrafe. Tun da ya fara, ba ya yin mako biyu ba tare da gudawa ba. Surukata ta ce haƙora ne, in ƙyale shi. Muna da kaji da 'yan awaki a tsakar gida. Haƙoran ne, ko da wani abu?"

To 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Abin da Inna ta lura da shi gaskiya ne, gudawa takan zo a daidai lokacin fitar haƙora. Amma lokacin ne ya zo ɗaya. Haƙori yana sa dasashi ƙaiƙayi, yaro ya yi ta dalalar da miyau yana rigima. Ba ya sa gudawa. Abin da ke faruwa shi ne, a waɗannan watannin ne yaro ke sauka daga baya ya hau ƙasa, kuma duk abin da hannunsa ya taɓa, baki zai kai.

Gobe da hantsi ki ajiye aiki na rabin awa, ki zauna ki zuba masa ido kawai. Za ki ga ya rarrafa wajen turmi, inda kaji ke tsattsagar tsaba. Zai dafa ƙasa, ya ɗago hannu da ɗan danshi, ya kalle shi, ya sa a baki. Zai jawo tasar da kaji suka sha ruwa. Zai tsinci 'yar kashin akuya, baƙa mulmulalla, ya ɗauka abin ci ne. A cikin hanjin kaza akwai ƙwayoyin cuta da ba sa yi wa ita kazar komai, tana nan garau tana ƙwai, amma in suka shiga cikin jariri sai gudawa. Kuma abin da ya fi damuna ba gudawar yau ba ce. In tana ta maimaituwa, hanjin yaro yakan gaji, ya ci abinci amma jiki bai amfana ba, sai a ga yaro ya tsumbure, sa'o'insa sun wuce shi.

Ban ce ki sayar da kajinki ba, su ne asusunki. A raba musu wuri ne kawai. Maigida ya gyara akurki, kaji su daina kwana a ɗakin da yaro ke kwana. Kafin ki sauke shi ƙasa ki share tsakar gida, ki kwashe kashin zuwa inda ake tara taki, gona ma tana jiransa. Ki shimfiɗa masa tabarmarsa shi kaɗai. Hannunki kina wankewa, na sani, amma nasa hannun fa? Shi ma a wanke da sabulu kafin ya ci wani abu.

In gudawar ta zo, kada ki daina ba shi nono. Ki karɓo ƙunshin ORS a asibiti ko kemis, in babu ki haɗa da kanki: lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki nemi ƙwayar zinc a ba shi kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Idan kika ga jini a kashinsa, ko idonsa ya faɗa, ko maɗigarsa ta lotsa, ko ya ƙi kama nono, wannan ba na zaman gida ba ne, a tafi asibiti a ranar. Ita kuwa Inna, kada ki yi musu da ita. Ki ce, "Inna, ku zo ku ga abin da yake sawa a baki." In ta gani da idonta, ita za ta fara ɗaukar tsintsiya.

Tunda muna kan kaji, bari in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A gidaje da yawa kaza tana ƙwai, ana tarawa a kai kasuwa ko a ba mai shayi, yaron gidan bai taɓa ɗanɗanawa ba, wai yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata. Wannan magana ba ta da tushe. Daga wata shida yaro zai iya cin dafaffen ƙwai, a murmushe masa a kunu ko a fate. In biyar aka samu, a sayar da huɗu.

Wani ɗan'uwa daga yankin Gumel ya yi tambaya a gajarce, ko za a iya ba jariri ɗan wata huɗu madarar akuya. A'a, Malam. Wata shida na farko nonon uwa zalla, ko ruwa ba a haɗawa. In nonon ne ya yi ƙaranci, a kai uwar asibiti a duba ta. Manyan yara kuwa su sha, amma a tafasa tukuna, don ta ɗanyar madara ake ɗaukar cutar bakkale da tarin fuka na dabbobi.

Sai wasiƙa daga Tasawa a jihar Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. Mai ita ya ce: "Bayan kaka na sayo akuya a kasuwa na haɗa da nawa. Ba a yi mako biyu ba suka fara majina, ido na ruwa, baki ya yi gyambo, sai gudawa. Fiye da rabi suka mutu, har da wadda mahaifiyata ta ba ɗana. Na yi musu allurar kemis ba ta yi ba. Yaron har yau ba ya son zuwa wajen turken. Wace cuta ce, kuma yaya zan yi?"

Malam, Allah ya mayar da alheri. Sai likitan dabbobi ya gani zai tabbatar, amma alamomin nan da ka jera, da yadda abin ya biyo baƙuwar akuya, sun yi kama ƙwarai da annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR. A ƙasar Kodebuwa aka fara gano ta a 1942. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, shi ya sa allurar da ka saya ba ta yi ba. Irin wannan allura takan taimaka ne kawai wajen ciwon huhu da ke biyo baya. Cutar ba ta kama mutum, don haka hankalinka ya kwanta game da yara.

Maganinta rigakafi ne, kuma rigakafin mai kyau ne: allura ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku. A Nijar ana yin ta a Labocel, babban ɗakin gwajin dabbobi da ke Yamai, a Najeriya kuma a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke son a ga bayan cutar. Duk sanda ka ji masu allurar dabbobi sun shigo gari, ka kai naka duka, kada ka ɓoye ko ɗaya. Sannan duk dabbar da ka sayo, ko ta fi kowace sheƙi, ka ɗaure ta ita kaɗai mako uku, da kwanon ruwanta daban, kafin ta shiga cikin sauran. Ina kuma roƙon masu saurare, don Allah, wanda ya ga dabbarsa ta fara majina kada ya ruga da ita kasuwa. Abin da ya sami wannan bawan Allah ke nan, wani ne ya sayar masa da masifar gidansa.

Garke zai dawo in sha Allahu. Kuna da jar akuyar Maraɗi, wadda a Najeriya ake ce wa jar Sakkwato, cikinta wata biyar ne, ga yawan tagwaye, in ta sami ci tana iya haihuwa sau uku a shekara biyu. Fulanin ƙasarku ma suna da al'adar habbanaye, a ba wanda ya yi asara aron uwa, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan ya mayar da ita. Ba abin kunya ba ne ka nema wajen ɗan'uwa.

Maganar yaron kuwa, kada ka ce masa "akuya ce fa kawai". Ni ma kakata ta taɓa ba ni kaza, wake-wake mai gajerun ƙafafu, ina ɗan shekara bakwai. Kullum da asuba ni ke buɗe mata akurki, in ƙirga 'yan tsakinta da yatsa. Da hunturu ya shigo annobar kaji ta share unguwarmu, na tarar da ita wuya a murɗe tana juyi a ƙasa. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne kakata ta zauna kusa da ni ta ce ita ma abin ya yi mata ciwo, da damina kuma ta damƙa mini wata. Ka yi wa ɗanka haka. In ka sami sabuwa, ka ce tasa ce, ranar allura kuma shi zai riƙe igiyar.

Wata mai saurare daga Daura tana tambaya me ya sa kazarta ta tashi daga kan ƙwan zabi ba su ƙyanƙyashe ba. Hajiya, na kaza kwana 21 ne, na zabo kuwa yakan kai 26 zuwa 28. In kin haɗa su rana ɗaya, 'yan tsaki za su riga fita, uwar ta bi su ta bar sauran su huce. Ki sa mata na zabin su kaɗai, ko ki ba su tazarar mako guda kafin ki ƙara na kaza.

Yanzu ga wasiƙar wani dattijo daga Ɗanbatta, wadda ya ce jikarsa ce ta rubuta masa. Ya ce jikansa ɗan shekara goma shi ke yankan ciyawa da fita da tumaki, da damina kuma aikin yakan hana shi makaranta kwana biyu ko uku a mako, har malaminsu ya aiko. "Mu da kiwo muka tashi," in ji shi, "laifi ne yaro ya koyi abin gidansu?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Ba laifi ba ne, alheri ne. Yaron da ya san tunkiya ba ta da lafiya tun daga yadda ta sunkuyar da kai, ya san bambancin Balami da Uda da 'Yankasa, yana da ilimin da ba a samu a aji. Amma ku dubi wasiƙar nan taku. Da jikarku ba ta je makaranta ba, da ba ta iso gare mu ba. Gobe wannan yaron ne zai karanta muku takardar jikin kwalbar magani, ya ce wannan ya daina aiki tun bara, wannan kuma ba a shan nonon dabba sai bayan kwana kaza. Yaron da ke zuwa yau ya fasa gobe ba ya gane inda aka kwana, daga nan sai kunya, daga kunya sai ya bari gaba ɗaya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ma ta wajabta wa kowane yaro a Najeriya karatun shekara tara.

Lokacin aikin za a gyara, ba aikin za a hana shi ba. Da damina dabbobi a turke suke saboda shuka, to ciyawar da aka yanko da la'asar ta kai su gobe da rana, ta ɗan sha iska ma ta fi lafiya ga cikinsu. Ranar da babu makaranta a yanko da yawa a shanya. Da kaka a ɗaure harawar wake da ta gyaɗa a ɗora a kan rumfa tun ba ta yi tsada ba, a tara kowar wake da dusa, da rani yara su tsinto 'ya'yan gawo da yamma. In maƙwabta uku ko huɗu suka haɗa dabbobinsu, babba ɗaya ya isa ya fita da su, a yi karɓa-karɓa. In kuma duk da haka aikin ya fi ƙarfin gidan, Baba, gara tumaki shida masu ƙiba da goma da sai an cire yaro daga aji. Ku ja masa kunne a kan abu biyu: kada ya bar su su faɗa wa gyauron dawa, don ɗanyen tohonta yana da dafin da ke kashe dabba nan take, kuma duk ledar da ya gani kusa da turke ya tsince. Maganin feshi kuwa ba aikin yaro ba ne ko kaɗan, kada ma a zuba shi a kwalbar lemo a ajiye inda ƙannensa za su gani.

Ta ƙarshe daga Azare take, kuma da gangan na bar ta nan don kowa ya ji. Wata uwa ta ce karen gona ya ciji 'yarta a ƙafa, ciwon ɗan kaɗan ne, an shafa magani, ko ya isa? Bai isa ba, Malama. In kina jin mu yanzu, ki kai ta asibiti yau, ki ce cizon kare ne, a fara mata allurar rigakafin haukan kare. Cutar nan in alamunta suka bayyana ba a tashi, amma allurar tana tare ta in an yi da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan huɗu cikin goma na waɗanda irin wannan cizo ke samu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, abu na farko a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 cur, ana zubawa ana sakewa. A ɗaure karen a sa masa ido kwana goma, amma kada a jira kwana goman kafin a fara allura. Ki sake rubuto mana ki gaya mana yadda ta ƙara ji.

Nan za mu dakata, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.