Jawabin Maraba ga Baba Bishop daga Kwamitin Ikkilisiya

Mai girma Baba Bishop da Mama, Baba Akidikon, dagacinmu da ya zo taya mu murna, iyayenmu mata 'yan zumunta, salama a gare ku cikin sunan Ubangiji.

Baba, sannu da zuwa, sannu da hanya. Girmanka ba sai mun faɗa ba, dayosis duka ta san makiyayin da Allah ya ba ta. Tun ba mu yi nisa ba, ga kukanmu: gidan da Baba Kanon, firist ɗinmu, zai zauna bayan ritaya har yau ba rufi.

Mu reshen Wusasa ne, muna kuma alfahari da haka. Likita Miller, Bature ɗan mishan, ya zauna birnin Zariya a 1905, mishan ta koma Wusasa, kusa da birnin, a 1929, magina Hausawa suka tayar da majami'ar St. Bartholomew da jar ƙasa, tana nan tsaye. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da harshenmu. Wusasa ta ba ƙasar nan Likita Dikko da Farfesa Ishaya Audu da Janar Gowon. To, waɗanda suka ɗauko bishara daga can suka shigo ƙauyukanmu da ƙafa fa, wa ke tunawa da su?

Baba Kanon irinsu ne. Da aikin katikis ya fara, yana koya wa manya karatu a hasken fitilar ƙwai, kafin a naɗa shi firist. Nawa aka turo mana, da suka ga hanyarmu da damina suka nemi canji? Shi ya zauna. Shi ya yi wa yawancinmu baftisma, ya ɗaura mana aure, ya binne iyayenmu. A bayan babur ɗinsa aka sha kai marar lafiya asibiti da tsakar dare. Ko maƙwabtanmu Musulmi, in rigimar iyakar gona ta tashi, shi suke kira. Albashinsa kuwa a kuɗin makarantar marayu ya ƙare, shi ya sa ko ɗaki bai gina ba.

Yanzu shekara 70 ta gabato, dole ya bar gidan ikkilisiya ga magajinsa. Ina zai kai Mama, uwargidansa? Matasa sun buga bulo, zumuntar mata sun sayar da masara da waken soya, gini ya kai linta, ƙarfinmu ya ƙare. Saura kwano da katako da ƙofofi.

Muna da matsalar ruwan sha, amma wannan za ta iya jira. Rufin nan ne ba zai jira ba. Baba, muna roƙo, a rufa mana gidan nan kafin ruwan fari ya sauka.