Yadda sabar OPC UA ke fitar da jerin bayanai mai canza tsawo

Masu kallo, a kowace masana'anta akwai bayanan da adadinsu ba ya zama wuri ɗaya. Ku ɗauki injin cike kwalabe, wanda jerin matsalolin da yake kawo rahotonsu zai iya zama uku da safe, ya kai arba'in bayan an sami tangarɗa, sannan ya koma babu ko ɗaya idan an gyara. Tambayar da za mu duba ita ce yadda saba, wato manhajar da ke tattara bayanan injuna tana ba masu nema, za ta miƙa irin wannan jeri ga manhajojin da ke karanta ta ba tare da ta ruɗa su ba.

Ƙa'idar OPC UA, wato tsarin musayar bayanai tsakanin injuna da manhajoji, wadda gidauniyar OPC ta tsara kuma aka amince da ita a matsayin ƙa'idar duniya mai lamba IEC 62541, ta tanadi sifofi biyu domin wannan aiki. Ta farko ita ce ValueRank, wadda ke bayyana siffar ƙimar: idan an sa mata -1, ƙima ɗaya ce tilo, idan kuma an sa 1, jeri ne mai layi ɗaya. Ta biyu ita ce ArrayDimensions, kuma a nan ne da yawa daga masu haɗa saba suke tuntuɓe. Idan aka rubuta 0 a cikinta, ana nufin ba a ƙayyade tsawon ba, saboda haka jerin yana da damar ƙaruwa ko raguwa. Wanda ya rubuta 10 a wurin, alhali jerinsa yana kai 40, ya yi wa mai karatu alkawarin da ba zai cika ba.

Tsawon gaskiya yana tafiya ne tare da ƙimar kanta, domin a saƙon da ake aikawa ana fara rubuta adadin abubuwan, sannan abubuwan su biyo baya. A cikin saƙon, jeri mai tsawo 0 daban yake da wanda aka rubuta -1 a wurin adadinsa, wato babu jerin ma gaba ɗaya.

Wahalar ta fi yawa a ɓangaren na'urar PLC, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injin, wadda galibi ke ware wa jeri wuri mai tsayayyen girma tun lokacin rubuta shiri. Abin da aka saba yi shi ne a ware gurbi 100, a ajiye wata lamba daban mai nuna guda nawa ne ke ɗauke da bayani. Idan saba ta ɗauko lambar a wani lokaci, ta ɗauko jerin a wani lokacin, injin yana iya canza su a tsakani, sai mai lura ya ga matsalar da tuni aka share. A ganina, abin da ya fi dacewa shi ne saba ta kwafe su tare a zagaye ɗaya, ta yanke jerin daidai adadinsa, sannan ta fitar da shi a matsayin ƙima guda.

Akwai kuma batun nauyi. Manhajar da ta yi rajistar bibiyar jerin za ta karɓi dukkansa duk lokacin da abu ɗaya ya canza, sai dai idan ta nemi wani yanki ta hanyar IndexRange, misali 2:5. Amma idan jerin ya ragu har yankin ya fita daga cikinsa gaba ɗaya, amsar da za ta dawo ita ce Bad_IndexRangeNoData. Haka kuma saba tana sanar da iyakarta a MaxArrayLength, kuma jerin da ya wuce ta ba zai isa ba.

Idan kowane abu a jerin yana da suna da tarihinsa, kamar injunan da ake ƙarawa ko cirewa daga layin aiki, ya fi kyau a ba kowanne gurbinsa a cikin sabar, sannan a riƙa aika GeneralModelChangeEvent duk lokacin da tsarin ya sauya, domin manhajojin su sake leƙawa su ga abin da ya shigo da abin da ya fita.