Waƙar Brel a bakin wasu: yadda ake rera «Ne me quitte pas»

Jama'a, barkanmu da warhaka. A Faransanci kalmar «chanson» waƙa kawai take nufi, amma a bakin masana kiɗa suna ne na wani salo wanda magana ke jan ragama, kiɗa yana biye da ita. Wanda ya ɗauki waƙar da wani ya rubuta ya rera, Faransawa suna ce masa «interprète», wato tafinta. Sunan kuwa ya dace, domin aikinsa ya faɗa mana abin da waƙar take nufi a wurinsa, ba ya maimaita muryar mai ita ba.

Za mu ɗauki waƙa ɗaya mu warware ta. Jacques Brel, ɗan ƙasar Beljiyam, ya naɗi «Ne me quitte pas» a 1959. Ma'anar sunan: kada ki bar ni. Baiti biyar ne, kowane baiti ɗango 16, kowane ɗango gaɓa biyar kacal, kuma ɗango huɗu na ƙarshen kowane baiti amshi ne, sunan waƙar ake maimaitawa. Kiɗan yana tafiya a bugu uku-uku. Labarin wani mutum ne da ake shirin rabuwa da shi. Ya fara da roƙon a manta da abin da ya wuce, ya shiga alkawuran da ba mai iya cikawa, ya kawo misalin dutsen wuta da aka zaci ya mutu ya sake tashi, daga ƙarshe ya zube, ya ce ya yarda ya zama inuwar karenta.

Abin da mawaƙi zai fara yankewa, tun kafin ya buɗe baki, shi ne wa ke magana. Brel ya rera ta a matsayin namijin da ya zubar da girmansa, har ma shi da kansa bai ɗauke ta waƙar soyayya ba, ya ɗauke ta hoton ragwantar maza. Nina Simone, Ba'amurkiya, ta naɗe ta da Faransanci a 1965. Muryarta mai kauri ce, ba ta ɗaga ta sama, ba ta kuka, sai ka ji kamar wadda ta riga ta san an tafi, roƙon kawai ya rage a bakinta. Lafazinta na baƙuwa ne, kowane Bafaranshe zai ji, amma bai rage komai ba saboda ta san inda nauyin kowace jimla yake. Juliette Gréco kuwa, mawaƙiyar Faransa, ta juya waƙar gaba ɗaya: ta ƙara mata sauri, ta cika ta da fushi, amshin ya tashi daga roƙo ya koma umarni. Mai buga mata fiyano, Gérard Jouannest, wanda kuma ya zama mijinta, shi ne ya yi wa Brel kiɗa shekara da shekaru. Waƙar dai ita ce, ma'anarta ce ta canja a bakin kowa.

To, yaya ake yi? A fara da karatu, ba kiɗa. A rubuta waƙar a takarda kamar wasiƙa, a haɗa gajerun ɗangogin su zama cikakkun jimloli, a karanta da ƙarfi har sai ta fito kamar hira. Nan ne za a sa alamar numfashi. Babban tarkon waƙar shi ne gajartar ɗangonta: gaɓa biyar, baki ya so ya huta. Wanda ya shaƙi iska a ƙarshen kowane ɗango zai yi haka sau 16 a baiti guda, jimla ta tsinke gutsu-gutsu, mai sauraro ya ji kamar ana karanta jerin cefane. Tunanin marubucin yakan ratsa ɗango biyu zuwa huɗu, don haka numfashi ɗaya ya ɗauki aƙalla biyu.

Sai gaɓa. A titi, Bafaranshe zai yar da «ne», ya haɗiye wasali, ya ce «me-kit-pa», gaɓa uku. A waƙa dole biyar ɗin su fito: ne, me, ki, te, pa. Wannan «e» ta ƙarshen «quitte» ba a furta ta a magana, amma kiɗan ya ajiye mata wuri. In an yar da ita, ɗangon ya gurgunce. In an danna ta da ƙarfi kamar «e» ta Hausa, ta zama abin dariya. A taɓa ta sama-sama, leɓe ya ɗan zagaye, a wuce. Nauyin jimlar Faransanci yana sauka ne a gaɓar ƙarshe, wato a kan «pa». 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci, lafazi ba ya ba su wahala, sabon haɗiye wasalin ne yake kama su.

Ga bakin Bahaushe akwai wurare da suke tuntuɓe. «P» takan zame ta koma «f», kuma kalmar «pas» tana dawowa fiye da sau 20 a waƙar, don haka kuskuren ba ya ɓoyuwa. A rufe leɓe ruf kafin a saki iska, kuma ba a furta «s» ɗin. Wasalin «u» na kalmar «perdu» da ke baitin farko babu shi a Hausa: harshe a wurin «i», leɓe a wurin «u». A «temps» iska ta bi ta hanci, amma kada a rufe da «n» ko «m». Game da «r» kuwa, Brel yana gurza ta a maƙogwaro, mawaƙiyar Faransa Edith Piaf ma haka, kuma yawancin masu koyo nan suke ɓata lokacinsu. Wanda ya kwaikwayi wannan gurzar, kwaikwayon ake ji, ba waƙar ba.

Matakin murya kuma a zaɓe shi daga ƙasa. A nemo sauti mafi ƙasa a baitin farko, a ɗaga ko a sauke kiɗan har sai an iya faɗinsa da muryar hira ba tare da maƙogwaro ya shaƙe ba. Wanda ya zaɓa daga sama don ya nuna ƙarfin murya, baitin farko zai nutse masa.

Da mai fiyano a yi yarjejeniya: shi ke bin mawaƙi. Ana iya jan wani ɗango, amma lokacin da aka ara a biya shi a na gaba, in ba haka ba bugun uku-ukun ya watse, waƙar ta yi ta ja kamar tafiyar mai ciwon ƙafa. Kuma a yi tattalin ƙarfi. Wanda ya fashe da kuka a baitin farko ba shi da abin kashewa a na huɗu, inda kiɗan yake buɗewa. Amshin nan huɗu ma kada su fito iri ɗaya, a bar su suna raguwa, ko kuma, a hanyar Gréco, suna ƙara kaifi.

Makirufo ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace shi gefe don iskar «p» kada ta buge shi. A baiti na huɗu a ja baya kaɗan. A na biyar a matso, a sauke murya kusan raɗa, a daina karkarwar murya gaba ɗaya. «Pa» ta ƙarshe gajera ce, ba a jan ta, mai fiyano kuma ya bari ta mutu tukuna kafin ya sa hannu.