Kakar da Leicester ta ɗauki kofin Firimiya: abin da mai goyon baya ya ɗanɗana

Jama'a masu kallo, barkanmu da war haka. Yau za mu je birnin Leicester da ke tsakiyar Ingila, mu bi kakar wasa ta 2015 zuwa 2016. Daga kan kujerar mai goyon baya za mu kalle ta, mutumin nan da ke sayen tikiti kowace shekara, ya shiga filin King Power mai ɗaukar mutum kusan 32,000, ko ana ruwa ko ana sanyi.

Sai mun fara sanin abin da ya gada. An kafa ƙungiyarsa a 1884, kuma shekara 132 ba ta taɓa ɗaukar kofin babbar gasar Ingila ba. Iyakar abin da ta taɓa yi shi ne zuwa ta biyu a 1929. Sau huɗu tana kai wa wasan ƙarshe na kofin FA, a 1949 da 1961 da 1963 da 1969, duk tana dawowa hannu rabbana. A 2002 bashi ya kusa durƙusar da ita, a 2008 kuma ta faɗa rukuni na uku. Wanda ya taso a irin wannan gida, tun yana yaro ake koya masa kada ya cika sa rai.

Kakar da ta gabata ma da ƙyar suka sha. Sun shafe watanni a ƙasan teburi, sai da suka ci wasa 7 cikin 9 na ƙarshe kafin suka tsira. Ana cikin murnar haka aka sallami koci Nigel Pearson, aka kawo Claudio Ranieri, ɗan Italiya, wanda ƙasar Girka ta kora bayan da Tsibiran Faroe suka doke ta a gida. Kamfanonin caca suka ce duk wanda ya zuba fam ɗaya cewa Leicester za ta ɗauki kofi, idan hakan ta faru za a ba shi fam 5,000. Shi kansa Ranieri burin da ya faɗa maki 40 ne, wato abin da zai hana su faɗawa. Mai goyon baya bai ji haushin wannan magana ba, domin abin da ke ransa ke nan.

Watannin farko nishaɗi ne zalla. Ana zura musu, su farke, su ƙara. Ragarsu kuwa kullum sai ta motsa, har Ranieri ya yi alkawarin sayen fiza ga 'yan wasa ranar da suka hana a ci su, kuma bai biya ba sai a ƙarshen Oktoba, da suka ci Crystal Palace 1-0. Jamie Vardy, wanda ya taɓa aikin masana'anta yana buga ƙwallo a ƙananan ƙungiyoyi, aka saye shi daga Fleetwood a kan fam miliyan ɗaya, ya ci ƙwallo a wasa 11 a jere. Na goma sha ɗayan a ragar Manchester United ne, ranar 28 ga Nuwamba, ya goge tarihin Ruud van Nistelrooy na cin ƙwallo a wasa 10 a jere. Riyad Mahrez ɗan Aljeriya, da aka ɗauko daga Le Havre da kuɗin da bai kai fam rabin miliyan ba, yana yanka 'yan baya yadda ya ga dama. N'Golo Kanté kuwa, ko ina ƙwallo ta faɗi a tsakiyar fili yana wurin.

Ranar Kirsimeti suna saman teburi, alhali Kirsimetin bara su ne na ƙarshe. Duk da haka mai goyon baya bai yarda ba. Cewa yake a ji daɗin abin kafin ya wuce. Da Liverpool ta doke su 1-0 washegari, suka kuma yi wasa biyu a jere babu ci, sai kowa ya ce to, ga shi nan an dawo daidai.

Ranar 6 ga Fabrairu 2016 ce ta ɗauke masa kwanciyar hankali. Sun je gidan Manchester City suka ci 3-1, Robert Huth ya ci biyu, Mahrez ɗaya, suka ba da tazarar maki biyar. A ganina daga wannan rana nishaɗin ya ƙare, fargaba ta maye gurbinsa, domin yanzu akwai abin da za a iya rasawa. Mako ɗaya bayan haka Arsenal ta nuna musu yadda zafin yake. An ba Danny Simpson jan kati, suka riƙe 1-1 da mutum goma, sai Danny Welbeck ya sa kai a daƙiƙun ƙarshe. Duk wanda ya kalli wasan nan a gidan kallo, a Kano ne ko a Maraɗi, zai tuna yadda 'yan Arsenal suka ɗauka kofi ya zo hannu. Wannan ne karo na uku kuma na ƙarshe da aka doke Leicester a kakar.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi wuya ga mai kallo. Manyan ƙungiyoyi sun daina buɗe musu fili, sai wasanni suka koma ci ɗaya mai ban haushi. Da Norwich, sai a minti na 89 Leonardo Ulloa ya zura ƙwallo, kuma tsallen da jama'a suka yi ya sa na'urar auna girgizar ƙasa da ɗaliban Jami'ar Leicester suka kafa kusa da filin ta motsa. Daga nan Watford 1-0, Newcastle 1-0, Crystal Palace 1-0, Southampton 1-0. Ku yi tunanin minti ashirin na ƙarshe a irin wannan wasa. Mutum yana duban agogon fili, yana leƙa waya ya ga me Tottenham, wadda ke biye da su a teburi, ke ciki, kowace kwana aka bugo gabansa na faɗuwa, har sai Kasper Schmeichel ya cafke ko Wes Morgan ya fitar da kai. Kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike a tsakiyar kasuwa, ba ya iya sauri, ba ya iya tsayawa. Ƙungiyar takan ajiye wa kowa kwalin tafi a kan kujerarsa, sai ƙarar ta cika fili, mutane su samu abin da za su huce a kansa. Mai ƙungiyar a lokacin, Vichai Srivaddhanaprabha ɗan ƙasar Tailan, yakan raba wa 'yan kallo abin sha da ɗan abin taɓawa kyauta, kuma irin wannan karamci ya sa suka riƙe shi kamar nasu.

Da West Ham ta zo, aka ba Vardy jan kati, suka koma ana cinsu 2-1, sai Ulloa ya farke da fenariti a ƙurarren lokaci. An dakatar da Vardy wasa biyu, kowa ya ce nan za a gane. Suka lallasa Swansea 4-0 ba tare da shi ba. Ranar 1 ga Mayu a Old Trafford, nasara kawai suke buƙata, amma aka tashi 1-1, kyaftin Morgan ne ya farke.

Saboda haka kofin da aka jira shekara 132 bai zo a filinsu ba, a talabijin ya zo. Daren Litinin 2 ga Mayu, Tottenham ta je gidan Chelsea, kuma dole ta ci, in ba haka ba kofi ya zama na Leicester. Kafin hutun rabin lokaci Harry Kane da Son Heung-min sun ci biyu. Mutanen Leicester suna gidajensu da wuraren kallo suna roƙa wa wata ƙungiya sa'a, 'yan wasan kuma sun taru a gidan Vardy. Gary Cahill ya rage ɗaya. Saura minti bakwai Eden Hazard ya lanƙwasa ƙwallo ta shige saman raga, 2-2. Da alƙalin wasa ya busa, jama'a suka kwararo titi suka nufi King Power, filin da babu wasa a cikinsa, manya na kuka, waɗansu na kiran sunan iyayensu da suka fara kawo su kallo amma ba su kai ga ganin ranar ba.

Ranar 7 ga Mayu, bayan sun ci Everton 3-1, Morgan da Ranieri suka ɗaga kofin tare. Sun gama da maki 81, nasara 23, canjaras 12, sun ba Arsenal tazarar maki goma. Mahrez ya zama ɗan Afirka na farko da ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan Ingila ta zaɓa gwarzon shekara. Ranar 16 ga Mayu aka zagaya gari da kofin a buɗaɗɗiyar mota, inda aka ƙiyasta mutum kusan 240,000 sun fito. Watanni biyu bayan haka Kanté ya koma Chelsea, Leicester kuma ta sayo Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, daga CSKA Moscow, ta fara shirin buga gasar Zakarun Turai karon farko a tarihinta.