Yaro, Waya da Amanar Sirri

Duba aya ta 58 a Suratun Nur. Allah ya ce yaran da ba su balaga ba su nemi izini kafin su shiga wurin manya a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana idan an tuɓe don hutawa, da bayan sallar isha'i. Tun yaro yana ƙarami ke nan, Alƙur'ani ya fara koya masa cewa akwai abin da ba a leƙawa.

Yau yaron nan waya ce a hannunsa, kuma wayar ma tana tambayarsa. Ya sauke wasan tseren mota, sai ga saƙo: a ba da izinin ganin lambobin waya, a buɗe makirufo. Zauna kusa da shi ka tambaye shi, me tseren mota zai yi da lambar mahaifiyarka? Bar shi ya danna "a'a" da yatsansa. Nuna masa hoton da ya ɗauka sanye da kayan makaranta: ga tambarin makarantar a ƙirjinsa, ga lambar gida a bayansa. Wani lokaci wayar ma kan ɓoye inda aka ɗauki hoton a cikin fayil ɗin, sai an hana kyamara sanin wuri.

Facebook da Instagram da TikTok sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu, abin da ya samo asali daga wata dokar Amurka ta 1998. Uban da ya ƙara wa ɗansa shekaru don ya samu shiga, a gabansa ya yi ƙarya, kuma yaron ya gani.

Sai sirrin wasu, wanda a ganina shi aka fi sakaci da shi. Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigin asirin mutane. Yaro ya leƙa wayar yayansa da aka bari a buɗe, wannan ma yana ciki. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya ce idan mutum ya faɗi magana sannan ya waiwaya, to amana ce. Abokinsa ya turo masa saƙo shi kaɗai, ya ɗauki hoton hirar ya watsa wa 'yan aji don a yi dariya? Ya ci amana, ko da baki bai furta komai ba.

Kai ma kafin ka ɗora hotonsa a intanet, tambaye shi. Zai ga yadda ake neman izini a aikace.

Kuma ku yi alkawari tun yanzu: duk ranar da wani baƙo ya ce masa "turo min hotonka, kada ka gaya wa kowa", ya zo ya faɗa maka, ba duka, ba ƙwace waya. Yaron da ke tsoron a ƙwace masa waya zai yi shiru, shi kuma baƙon shirun nan yake nema.