Ranar da Aka Ƙwace wa Bernie Sanders Makirfo

Ku dubi wannan dattijon mai furfura da ke tsaye a gefen dandamali ya yi shiru. Sunansa Bernie Sanders, sanata ne daga jihar Vermont a Amurka, shekararsa 73 a lokacin, kuma yana neman jam'iyyar Democrat ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa. Ranar Asabar ce, 8 ga watan Agusta 2015, a wani fili da ake kira Westlake Park a birnin Seattle. Dubban mutane sun taru don jin jawabinsa kan fansho da lafiyar tsofaffi. Ya kama makirfo ke nan, ko gaisuwa bai gama ba, sai ga wasu 'yan mata biyu baƙaƙen fata, Marissa Johnson da Mara Willaford, masu fafutukar Black Lives Matter, sun hau dandamalin sun ce in ba a ba su dama sun yi magana ba, to taron ya tashi.

Aka ba su. Suka ce kowa ya yi shiru na minti huɗu da rabi, don tunawa da Michael Brown, saurayi ɗan shekara 18 da ɗan sanda ya harbe a garin Ferguson, gawarsa ta yi kimanin awa huɗu da rabi a kan titi. Washegari ne zai cika shekara guda da mutuwa. Taron, wanda galibinsa fararen fata ne masu kiran kansu 'yan ci gaba, ya ɗauki ihu, wasu har suna cewa a kama su. Johnson ta ce da ma ta zo ne ta gaya wa Bernie irin wariyar launin fatar da ke birnin, sai ga shi mutanen sun hutar da ita. Daga ƙarshe Sanders ya ɗaga wa jama'a hannu ya sauka, bai yi jawabin ba.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne: me ya sa shi? Wannan fa mutum ne da 'yan sanda suka kama a Chicago a 1963 yana zanga-zangar adawa da ware 'ya'yan baƙaƙe a makarantu. Yana cikin taron Washington na wannan shekarar, inda Martin Luther King ya yi mashahurin jawabinsa. Ga Donald Trump can yana faɗin abin da ya ga dama, amma sai a zo a tozarta masoyi?

Kafin mu amsa, sai mun fahimci yadda ake zaɓen fid da gwani a Amurka. A Najeriya mun saba ganin an tara daliget a Abuja, a kwana ana lissafi, gari na wayewa an san wanda ya samu tikiti. A Amurka ba haka ba ne. Jiha-jiha ake bi, wata da watanni, kuma talakawa ne ke fita su kaɗa ƙuri'a. Tun shekara guda kafin nan ɗan takara ke yawo, yau yana ɗakin taron makaranta, gobe coci, jibi gidan cin abinci, yana gaisawa da mutane hannu da hannu, 'yan jarida na biye da shi. Ma'ana, a wannan lokacin ne kaɗai za ka iya tsayawa gaban mai neman mulkin Amurka ka yi masa tambaya ido da ido. Da zarar ya samu tikiti, jami'an tsaro sun yi masa zobe, sai dai ka hango shi a talabijin.

Akwai kuma lissafin ƙuri'a. Baƙaƙen fata kusan kashi 13 cikin 100 ne na al'ummar Amurka, amma a lokacin kusan tara cikin goma nasu Democrat suke zaɓa a takarar shugaban ƙasa. A jiha irin South Carolina, su ne fiye da rabin masu fitowa zaɓen fid da gwani na jam'iyyar. To a babban zaɓe, ɗan takarar Democrat ya san ba inda za su je. A fid da gwani kuwa akwai zaɓi, kowa na zawarcin ƙuri'ar nan, kuma nan ne take da tsada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu fafutukar sun fahimci cewa ihu a kan wanda ba ya neman ƙuri'arka ɓata murya ne kawai.

Su waye su? Sunan Black Lives Matter, wato rayukan baƙaƙen fata na da daraja, ya fito ne a 2013, bayan kotu ta wanke George Zimmerman, wanda ya harbe Trayvon Martin ɗan shekara 17 a Florida. Mata uku ne suka fara yaɗa shi a intanet: Alicia Garza da Patrisse Cullors da Opal Tometi, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne. Daga nan mace-macen suka yi ta biyo juna. Eric Garner a New York, wanda aka shaƙe yana cewa ba ya iya numfashi. Michael Brown a Ferguson. Freddie Gray a Baltimore a watan Afrilun 2015. A watan Yuni wani farar fata ya shiga cocin baƙaƙe a Charleston ya kashe mutum tara. A watan Yuli kuma Sandra Bland, 'yar shekara 28, ɗan sanda ya tsayar da ita a Texas don ta canza layi ba ta sa sigina ba, bayan kwana uku aka tsinci gawarta a ɗakin da aka tsare ta. Hukuma ta ce ita ta kashe kanta, danginta da jama'a da dama ba su gamsu ba.

Kwana biyar bayan mutuwarta, ranar 18 ga Yuli, aka yi karon farko. Taron Netroots Nation ne a birnin Phoenix, inda 'yan ci gaba ke haɗuwa duk shekara. Martin O'Malley, tsohon gwamnan Maryland wanda shi ma ke neman tikitin Democrat, yana zaune ana yi masa tambayoyi, sai masu zanga-zanga suka shigo suna rera waƙa, suna cewa a ambaci sunanta. Wata mai suna Tia Oso ta hau dandamali ta karɓi makirfo, Patrisse Cullors ta biyo bayanta. Shi O'Malley da ma yana da kashi a gindi: lokacin da yake magajin garin Baltimore, 'yan sanda sun yi kame sama da 100,000 a shekarar 2005 kaɗai, a birnin da mutanensa ba su wuce 640,000 da wani abu ba. Da ya samu damar magana sai ya ce rayukan baƙaƙe na da daraja, rayukan farare na da daraja, duk rayuka na da daraja. Ɗakin ya ɓarke da ihu.

Wani zai ce, to mene ne laifin wannan maganar? Ai gaskiya ce. Ku ɗauka gidanku ne ke cin wuta, kun fito kuna kururuwa a kawo ruwa, sai maƙwabci ya gyara tsayuwa ya ce ai kowane gida a unguwar nan na da muhimmanci. Bai yi ƙarya ba, amma bai ɗauko bokiti ba. Kafin rana ta faɗi O'Malley ya nemi afuwa.

Sanders ya biyo bayansa, shi ma bai ji da daɗi ba. Ya ce ya shafe shekara 50 yana fafutukar 'yancin jama'a, in ba a son ya tsaya to ba komai, shi ba zai yi gasar ihu da kowa ba. Daga nan ya koma kan karatunsa na kullum: rashin aikin yi, ƙarancin albashi, attajirai sun tattare arziki. Nan ne ainihin saɓanin yake. A ganin Sanders, talauci ne uwar matsala, in an gyara tattalin arziki sauran za su biyo baya. Su kuma suna cewa Sandra Bland ta gama jami'a, sabon aiki ma ta samu a jami'ar da ta yi karatu, amma ba takardar digiri ɗan sandan ya tambaye ta ba.

Mu koma Seattle, don abin da ya biyo baya shi ne ya fi ɗaukar hankali. A daren nan Sanders ya yi wa mutum kusan 15,000 jawabi a Jami'ar Washington, kuma wadda ta gabatar da shi matashiya ce baƙar fata, Symone Sanders, sabuwar kakakinsa. Suna ne kawai ya zo ɗaya, ba dangi ba ne. Kafin ƙarshen makon, shafinsa na intanet ya fito da cikakken sashe kan adalci tsakanin launin fata: kyamara a jikin 'yan sanda, rage musu kayan yaƙi, da sauransu. Mutanensa sun ce da ma ana kan aikin tun bayan Phoenix. Mai yiwuwa ne. Amma ai ita ma Phoenix ihu ce ta haife ta.

Hillary Clinton, wadda ke kan gaba a takarar, ba ta je Phoenix ba, amma ba ta tsira ba. Ranar 11 ga Agusta, masu fafutuka daga Massachusetts suka bi ta garin Keene a New Hampshire. Ba su samu shiga ɗakin taron ba, sai ta gana da su a bayan fage, ana ɗaukar bidiyo. Wani mai suna Julius Jones ya tambaye ta me ya canza a zuciyarta game da dokokin da suka cika gidajen yari da baƙaƙe. Amsarta ta yaɗu ko'ina. Ta ce ita ba ta yarda ana canza zukata ba, dokoki ake canzawa, da yadda ake rabon kuɗi, da yadda hukumomi ke aiki. Ta ƙara da cewa su zo da takamaiman buƙatu. Ni dai a ganina wannan ce musayar magana mafi amfani a duk kakar zaɓen, don kowanensu ya taɓa wa ɗan'uwansa inda ke ciwo. Cikin watan ne kuwa wasu masu fafutuka, ciki har da DeRay Mckesson, suka fito da tsarin Campaign Zero mai ɗauke da buƙatu goma kan aikin 'yan sanda.

Dokar da ake ta magana a kanta ita ce ta yaƙi da manyan laifuka ta 1994. Bill Clinton ne ya sa mata hannu, Joe Biden ne ya jagorance ta a majalisar dattawa. Ta ba da kuɗin ɗaukar 'yan sanda 100,000 da gina gidajen yari, ta kuma tanadi ɗaurin rai-da-rai ga wanda aka samu da babban laifi karo na uku. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Sanders ma ya kaɗa mata ƙuri'a, haka nan mafi yawan 'yan majalisa baƙaƙe, domin a wancan zamanin kisa da hodar ibilis sun addabi unguwanninsu. Kuma cikar kurkukun ta faro tun kafin dokar. Amma zuwa 2015 Amurka na tsare da mutum sama da miliyan biyu, fiye da kashi ɗaya cikin uku baƙaƙe ne, kuma 'ya'yan waɗanda aka ɗaure ne yanzu suka girma suke riƙe da makirfo.

A watan Fabrairun 2016, ana saura kwana uku zaɓen South Carolina, wata matashiya, Ashley Williams, ta shiga liyafar tara kuɗi da aka shirya wa Hillary Clinton a wani gida a Charleston, wadda kujerarta dala 500 ce. Clinton na cikin magana, sai ta warware wani ƙyalle ɗauke da kalaman da Clinton ta yi a 1996, inda ta kwatanta wasu yara 'yan daba da namun dawa marasa tausayi, ta ce dole a ladabtar da su, da irin kalmar da ake yi wa kare in ana so ya bi ubangidansa. Aka fitar da Williams daga gidan. Washegari Clinton ta ce bai kamata ta yi amfani da kalaman ba. A watan Afrilu kuma Bill Clinton da kansa ya yi cacar baki da masu zanga-zanga a Philadelphia, yana kare dokarsa.

Ɓangaren Republican kuwa ba a daɗe a can ba. An katse taron Jeb Bush, mai neman tikitin jam'iyyar, a Nevada. Trump ya ce abin da ya faru a Seattle rauni ne, shi ba mai karɓe masa makirfo. A watan Nuwamban 2015 magoya bayansa suka lakaɗa wa wani mai zanga-zanga duka a Birmingham ta jihar Alabama, shi kuma ya ce wataƙila ya cancanci hakan.

To an ci riba? Ta fuskar baki, sosai. A muhawarar farko ta Democrat a Las Vegas, a watan Oktoban 2015, an yi tambayar kai tsaye: rayukan baƙaƙe ko duk rayuka? Sanders bai yi kwana-kwana ba, ya ce rayukan baƙaƙe, ya kuma ambaci sunan Sandra Bland. Uwar jam'iyya ta fitar da ƙudurin goyon bayan fafutukar, su kuma suka ce ba su nema ba, ba kuma za su tsaya wa kowane ɗan takara ba. A babban taron jam'iyyar a Philadelphia, iyaye matan Trayvon Martin da Sandra Bland da wasu sun hau dandamali, wannan karon da gayyata.

Ta fuskar ƙuri'a kuwa, labarin ya sha bamban. A South Carolina Clinton ta samu kusan kashi 73 cikin 100, kuma baƙaƙen fata, musamman dattawa mata masu zuwa coci, su ne suka ba ta. Ƙyallen Charleston bai girgiza su ba. Barack Obama ma, da yake magana da matasa a Landan a watan Afrilu, ya yaba wa fafutukar, amma ya ce in an buɗe maka ƙofa an ce ka zauna a tattauna, ba za ka ci gaba da ihu kawai ba.

A watan Nuwamba Trump ya ci zaɓe. Fitowar baƙaƙen fata ta faɗi daga kashi 66.6 cikin 100 a 2012 zuwa 59.6, duk da cewa rashin Obama a takardar zaɓe na cikin dalilan. Duk alƙawuran da aka tatsa daga bakin 'yan Democrat suka tsaya a takarda. Sabon ministan shari'a, Jeff Sessions, ya ba da umarnin a sake duba yarjejeniyoyin gyaran aikin 'yan sanda da gwamnatin Obama ta ƙulla da birane. Ma'aikatarsa ta roƙi kotu ta jinkirta ta Baltimore, garin Freddie Gray da O'Malley. Alƙalin ya ƙi, ya sa mata hannu a watan Afrilun 2017.